Tsohuwa a Gaban Tablon Dodo

Mahamud na cikin yi wa 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, bayanin zane-zanensa sai ya hango tsohuwar nan ta sake dawowa. Ta tsaya bakin ƙofar zauren, ƙunshinta a hammata, silifas ɗinta ɗaure da zare. Tun da aka buɗe baje-kolinsa a gidan al'adu na Damagaram take zuwa. Ba ta gaisawa da kowa, ba ta tambayar farashi.

Ya kawar da kai ya ci gaba da magana.

"Ni dai abin da na gani da abin da aka ba ni a tatsuniya, a tukunya ɗaya nake dafa su," ya ce wa yaran. Ya nuna musu ayarin gishiri na Bilma, Gizo ya ɗare raƙumin gaba. Ya nuna tashar Agadas, aljanu na shan shayi tare da direbobi.

Duk garuruwan nan ya zauna cikinsu yana ƙarami. Mahaifiyarsa, Inna Kaltuma, mai tuyar ƙosai ce, kuma ba ta iya daɗewa a gari. Da maƙwabta sun fara sabawa da su, sai ta ɗaure kaya. Tanut, Agadas, Diffa, Kano, kafin su yada zango a unguwar Birni, nan Damagaram. Hanyar yamma kawai ba ta taɓa yarda sun bi ba, ta ce ba ta da sa'a a can. Uba kuwa, ta ce ya rasu tun Mahamud na ciki.

Babban tablon, zanen da ya fi duka girma, yana tsakiyar bango. Dodo ne a kasuwa, goye da yaro, yana sauri. Bayansu wata kuka mai tsagaggen ciki, mata sun yi layi da kwanoni babu komai a ciki. Tatsuniyar Inna ce, ta Dodo mai tausayi da ya tsinci yaro cikin yunwa ya raine shi. Kukar da matan ba sa cikin tatsuniyar. Hannunsa ne kawai ya kawo su, shi ma bai san daga ina ba. A gefen tablon ya rataye hoton Inna, wanda ya zana kafin rasuwarta bara, tana murmushi da wushiryarta.

Nan tsohuwar ke tsayawa kullum, har ƙafa ta gaji.

Da farko ya zaci 'yar leƙen asiri ce ta masu cewa zanen mai rai haramun ne. Matarsa Aliya ce ta lura da abin da ya fi wannan tayar da hankali.

"Baban Fati, ba zane take kallo ba," ta ce masa a hankali. "'Yarmu take kallo."

Ya sa ido, ya ga gaskiya ne. Duk inda ƙaramar Fati ta gilma, idon tsohuwar na biye da ita. Wata rana ta miƙa mata dabino. Wata rana kuma ta shafa kunnenta, ta daɗe tana dubawa, leɓunanta na motsi. Mai gadi ya ce daga Garagumsa ta zo, can yamma, a tasha take kwana, kuma ta tambaye shi sunan uwar mai zanen da inda gidansu yake. Da yamma Aliya ta gan ta a bakin lungunsu, zaune kan dutse.

Garin kuwa cike yake da jita-jitar masu satar yara. Aliya ta hana Fati fita ko ƙofar gida. Mahamud ya daina taɓa fenti. Ya yanke shawarar cewa in ta sake kusantar yarinyar, kwamisariya zai kai ta wurin 'yan sanda, tsufanta ba zai cece ta ba.

Ranar rufe baje-kolin zauren ya cika maƙil. Wani ɗan kasuwa daga Kano ya tsare shi da ciniki, Aliya na raba wa baƙi lemo. Da Mahamud ya waiwaya, babu Fati a kujerarta.

Ya kutsa cikin mutane yana kiran sunanta. Can ya same ta zaune a cinyar tsohuwar, a ƙasa, gaban babban tablon. Ya fizge 'yarsa da ƙarfi har ta fashe da kuka.

"Iya, me kike nema wurin 'yata? Ki faɗa yanzu, ko in kira polis."

Tsohuwar ba ta razana ba. Ta dafa bango ta miƙe.

"A tele na ga zanen nan, gidan maƙwabta," ta ce. "Kukar nan ta kasuwar Takieta ce, kan hanyar yamma. Ta faɗi tun bayan babbar yunwa. Wanda ya zana ta, da idonsa ya gan ta."

"Ban taɓa taka Takieta ba. Tatsuniya ce, Dodo ne ya ɗauki yaro. Ba wannan na tambaye ki ba."

Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na bin tsagar kumatunta. Sannan ta ɗaga hannu, ta wuce Dodon, ta ɗora yatsa kan hoton Inna Kaltuma.

"Ba Dodo ba ne, Idirisu ɗana," ta ce. "A hannun wannan matar na miƙa ka, na ce ta riƙe mini kai in shiga layin hatsi."