Ina Gajiya, Hajiya Lantana?

Tun da aka kawo makirfon da ke ɗauke murya in an yi ƙarya, masu kamfani suke tsoron 'yan jarida. Yau kan Hajiya Lantana abin ya faɗo, don kindirmonta ya ɓata wa yara ciki.

"Hajiya, ina gajiya?" in ji wani ɗan jarida.

Bakinta ya ce ba gajiya, amma ba wanda ya ji. Zauren taron manema labaran ya kwashe da dariya, har da ita.

"To, na gaji! Firjinmu ne ya lalace, muka yi shiru. Laifinmu ne, ku yafe mu."

Kowace kalma ta fita raɗau. Aka ɗauki tafi, ana sa mata albarka.

Cikin tafin ta ƙara da cewa, "Ba zai sake faruwa ba." Ita kaɗai ta lura makirfon ya yi shiru.