Yatsun da Na'ura Ta Ƙi

Na'urar ta yi ƙara, jar fitila ta kama. Jami'ar rajista ta goge gilashin da auduga, ta ce, "Na gaba."

Tun ƙarfe takwas take maimaita wannan magana. Jam'iyya ta fito da sabuwar doka: duk wanda zai kaɗa ƙuri'a a zaɓen fid da gwani na jibi, sai na'ura ta karɓi zanen babban yatsansa, sannan a ba shi sabon kati. Gwaji uku ne kawai. In ta ƙi ka sau uku, tsohon katinka ya zama abin fifita.

Yawancin mutanen da ke kan layi 'Yan Tushe ne, wato magina, makanikai, 'yan dako da mata masu wankau. Su ke cika fili ranar gangami, su ke manna fastoci, su kuma ke shaƙar barkonon tsohuwa. Manyan jam'iyya na ƙaunarsu sosai, muddin suna tsaye a rana suna tafi. Bana sai suka yi rashin kunya, suka tsayar da nasu ɗan takarar. Kowa ya san in aka bar su suka yi zaɓe, ɗan takarar manya ko gida ba zai kai labari ba.

Ita dai na'ura ba ruwanta da siyasa, hannu mai laushi take so. Lauya ya ɗora yatsa, koriyar fitila ta kama. Ɗan kwangila ma haka. Mai wankau ta ɗora nata da sabulu ya cinye, na'ura ta ce ba ta ga kowa ba. Makanike ya tofa wa nasa yawu ya goge a riga, duk da haka ja ta ba shi. Da farko an yi ta hayaniya a bakin ƙofa. Zuwa azahar kowa ya gaji, sai dai a fito a zauna a gefen titi a yi ta kallon yatsa.

Can sai ga Magini ya shigo, dattijo mai ɗan ranƙwafawa. Katinsa mai lamba goma sha huɗu ne, tun ranar da aka kafa jam'iyyar. Bangon ofishin nan ma shi ya ɗora bulonsa, bai karɓi komai ba. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa fashin zaɓe ba.

Bai gai da jami'ar ba, ita ma ba ta ɗago kai ba. Kafin ya gama zaro katin daga aljihu har ta rubuta sunansa. Ya ɗora yatsa daidai tsakiyar gilashin, ya ɗan karkata shi hagu da dama yadda ake so, ba tare da an nuna masa ba. Ja ta kama.

Ya sake. Ja.

A aljihun teburinta akwai fom na musamman, wanda in jami'a ta sa masa hannu za a ba mutum kati ko na'ura ta ƙi. Tun safe ba ta fito da ko ɗaya ba. Sakataren jam'iyya na tsaye a bayanta da kofin shayi, yana hurawa a hankali.

Magini ya dubi yatsansa da siminti ya shafe sumul kamar bayan cokali. Ya ɗora na uku.

"Shi ke nan ko?" ya tambaya.

"Shi ke nan."

"To. Ki sha ruwa, muryarki ta dishe."

Ya mayar da tsohon katin aljihu, ya fita yana dafa bango. Ta jira ta ji wani abu, kunya ko tausayi, amma shiru. Zuciyarta ta yi dum kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Ta goge gilashin, ta kira na gaba, sai aka ce babu saura.

Sakatare ya ja kujera ya zauna, bakinsa har kunne.

"Aiki ya yi kyau. Ba duka, ba kora, ba wanda zai ce mun hana shi. Ofishin saman da muka yi miki alkawari, ranar Litinin ki tare." Ya kurɓi shayi. "Amma akwai abin da har yau yake ɗaure mini kai. Ranar da kika kawo mana shawarar nan, ko kamfanin da ya sayar mana da na'urar bai san da wannan ba. Ke ta yaya kika tabbatar ba za ta karɓi hannun leburori ba?"

Ta cire wayar na'urar daga bango, tana naɗe ta a hannu.

"Sai da na tafi da ita gida na gwada, yallaɓai. Sati guda kullum ina ɗora yatsun babana a kai. Shi ne ya fita yanzu."