Sabulun Inna Kande

Tun da aka rufe shagunan unguwa, na'urar kamfanin sabulu kaɗai ke kiran Inna Kande a waya kowace safiya don jin ra'ayinta. 'Ya'yanta sun yi nisa.

"Inna, yaya sabulunmu?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya mutan gida?"

Kullum haka take amsawa, don ba ta saba tarbar mai gaishe ta da ƙorafi ba.

Yau muryar ta ce, "Kin gamsu sau talatin, Inna. Wanda ya gamsu ba ma sake kiransa."

Inna ta dubi ɗakin, babu kowa sai ita.

"Tsaya mana! Ba ya kumfa. Ko kaɗan!"

"Ayya, Inna. To sai mun kira gobe."

"Allah ya kai mu," ta ce, tana share ido da bakin mayafi.