Wasiƙar da Baba Ya Bari a Buɗe

An rushe shagon Ɗantala mai shayi. Darbejiyar ƙofar gida an sare ta. Layinsu na Jekadafari ya samu kwalta, kuma kwana tara ke nan da binne Baba.

Shekara bakwai Uzairu bai taka Gombe ba, tun ranar da ya watsar da karatu ya bi motar Fatakwal, Baba na tsaye a zaure yana cewa in ya fita kada ya dawo. Abu ɗaya ya zo nema: ko tsohon ya yafe masa kafin ya cika.

Da hantsi ƙanwarsa Suwaibatu ta kai shi ɗakin. Kwamfutar Baba na kan darduma, a kunne.

"Hamma, ga ta nan. Yadda ya bar ta, ko kashewa ban yi ba." Ta fita ba ta dube shi ba.

Layi shida ne. "Ɗana Uzairu, na daɗe da yafe maka. Gidan nan naka ne." Sau uku yana karantawa. Hannunsa ya gogi madannai, wasu haruffa suka faɗa cikin rubutun. Ya danna Ctrl da Z don janye kuskuren, suka ɓace. Ya ƙara dannawa bisa kuskure, sai kalmar ƙarshe ta wasiƙar ta bi su.

Tsigar jikinsa ta tashi. Ya sake dannawa. Rubutun ya riƙa ja da baya, kamar wani na zaune gefensa yana janye maganarsa. "Na daɗe da yafe maka" ta koma "na yafe maka", ta koma "mun yi kewarka". Ɗakin har yanzu ƙamshin turaren Baba yake. Ya bi sawun har layin farko. Nan ya tsaya, ya daɗe yana kallo.

Sannan ya danna Ctrl da Y, ɗaya bayan ɗaya, har wasiƙar ta koma yadda ya same ta.

"Ka gani ko?" in ji Suwaibatu daga bakin ƙofa.

"Na gani. Allah ya jiƙan shi."

"To yanzu ka zauna ke nan, Hamma?"

Ya jawo jakarsa yana ninke riguna, hankalinsa na kan motar azahar.

Kafin a gyara gaisuwar ta koma "Ɗana Uzairu", abin da aka fara rubutawa shi ne "Hamma Uzairu", kuma Suwaibatu ce kaɗai ke kiransa haka.