Shunin da Ya Ƙi Fita

"Meiyou," in ji mai masana'antar, yana kaɗa mini hannu. Wai babu. Babu baƙin mutumin da ya taɓa yi masa aiki a Xintang ta ƙasar Sin, balle injin wanke wandunan jins ya fizgi rigarsa ya haɗa da shi.

Yaron da injin ya kashe ɗan yayata ne, shekararsa goma sha tara. Ni na ɗauko shi daga Kano, na kai shi da ƙafata ya koyi sana'a. A gabana mai masana'antar nan ya dafa kafaɗarsa, ya zuba mana shayi. Duk Juma'a yaron yakan nuna mini tafukansa da suka rine da shuni yana dariya: "Kawu, na zama marini!"

Murfin injin da suka cire don aiki ya yi sauri, kafin in iso an mayar da shi, har da sabon fenti. Abokan aikinsa kuwa kowa ya sunkuyar da kai.

Wani dattijo ɗan Kumasi ne ya yi masa wanka, ina zuba ruwa. Sau uku, sau biyar, sau bakwai. Jinin ya fita, amma daga farce har gwiwar hannu shunin wandunansu yana nan daram.

Dattijon ya ce, "Alhaji, samo lemon tsami in goge shi tas."

Na riƙe hannun dattijon. "Bar shi, Baba. A naɗe shi haka, ya tafi da shaidarsa wurin Wanda ba a ce wa meiyou."