Ranar da Baba Ya Tuƙa Tuwo

Har yau in na ji ƙaurin tuwo, wata Asabar nake tunawa a gidanmu na Kurfi. Ran nan Mama za ta je Dutsin-Ma jarrabawar koyar da mawaƙan coci, bayan ta daɗe tana karatun waƙa da goyo a baya. Mai babur na jira a ƙofa, ga talge na tafasa, ga ƙanena na tsala kuka. Ta ajiye jaka ta ce, "Na fasa, sai baɗi."

Baba, da ko ruwa bai taɓa ɗorawa a murhu ba, ya karɓe muciya daga hannunta.

"Maigida, ka iya tuƙi ne?"

"Tafi ki yi waƙarki. Yau ni ne uwar gida."

Ta tafi tana waige. Tuwon ya ƙone, duk gudaji, muka ci muna dariya. Da yamma tun daga zaure muka jiyo ta tana rera waƙa, muka san ta ci jarrabawa. Ta tarar da Baba ya goya yaro da zanenta a karkace, ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye.

Sai da na haifi nawa na gane nauyin da ya ɗauke mata.