Barcin da Ba Ta Roƙa Ba

Rana ce ta tashe ta, ba tarin mijinta ba. Ta jima zaune bakin gado tana kallon filon da babu shatin kai a kansa.

'Yarta, ma'aikaciyar jinya, ta leƙo tana dariya. "Umma, har da minshari! Ba na faɗa miki ba? Ki rage maiƙo, ki riƙa tattaki, ki cire damuwa. Ga shi nan."

"Haka ne, likitar gidanmu."

Duk shekarun da mijinta ya yi a kwance ta bi dokokin nan, barcin bai zo ba. Kunnenta ne ba ya kwanciya, yana gadin numfashinsa, yana jiran ya kira ta. Yanzu an sallami kunnen daga aiki, jikinta kuma, marar kunya, ya karɓi hutun tun masu ta'aziyya ba su daina zuwa ba.

Da yamma ta dafa shayi baƙi ƙirin.

"Umma! Zai hana ki barci fa!"

"Na sani, 'yar nan. Bar ni in ƙara zama da babanki, ko na dare ɗaya."